A Rufa wa Doki Bargo? Ku Gama Dariyar Tukuna

Ku gama dariyar, ba sauri nake ba. Na san tun daga kan take wasu suka fara taɓe baki: ga tsadar gero, ga kuɗin makarantar yara, shi kuma wannan bawan Allah bai ga abin da zai cika mana shafi da shi ba sai zancen rufa wa doki bargo. Ga wani dattijo can ya gyara zaman rawaninsa yana cewa, "Yaro, mu doki gadonsa muka yi kaka da kakanni, ba mu taɓa jin ranar da ya ce ɗari ya dame shi ba." Gaskiyarka, Baba, bai ce ba. Yunwa ma ai bai taɓa faɗa maka da baki ba, amma ban ga ranar da ka fasa auna masa dusa ba.

Wani kuma ya ce duk wannan sangartar Turawa ce, mutanen da ke ɗinka wa kare riga su ɗauke shi a mota zuwa asibiti. To, su wa suka ɗinka wa doki lifidi? Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Daushe ya ga 'yan lifida, doki lulluɓe da sutura mai kauri da aka cusa wa auduga, tun daga wuya har kuturi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kai asalin lifidi har zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekara 600 ke nan. Kakanninmu sun yi wa doki riga saboda kibiya, sun yi masa jalala saboda ado, sun shimfiɗa masa zubka a ƙarƙashin sirdi don kada bayansa ya yi miki. Mutanen da suka yi wa dabba wannan hidima, rashin kunya ne a fake da su a ce ɗora masa tsumma baƙon abu ne.

Amma bari in ba ku haƙƙinku tun da wuri, kada ku ce na zo da son kai. A mafi yawan dararen hunturu, ku ke da gaskiya. Doki ya fi mutum jure sanyi nesa ba kusa ba. Zafin jikinsa yana wajen digiri 38 a ma'aunin Selsiyos, kuma masana dabbobi sun kiyasta cewa daga digiri 5 zuwa 25 lafiyayyen doki ba ya wani wahala wajen riƙe wannan zafi. Ɗan Adam kuwa, in aka raba shi da tufa, ana sauka ƙasa da 25 ya fara takurewa. Wato a daren Janairu na Kano, lokacin da ma'auni ke wasa wajen 13 ko 14, kai ka jibga rigar sanyi biyu, ka tusa auduga a kunne, ka rungumi kaskon wuta, dokinka yana can turke yana tauna harawa, ko a jikinsa.

Abu biyu ne suka ba shi wannan dama. Ciyawar da ya ci sai ta wuce can babban hanji kafin ta narke, inda wasu ƙananan halittu ke ruɓar da ita, aikin nan kuwa zafi yake fitarwa dare da rana. Shi ya sa a ƙasashen ƙanƙara, in sanyi ya tsananta, abin da ake fara ƙara wa doki shi ne busasshiyar ciyawa. Sai kuma gashi. Kowane sili yana da 'yar tsoka a gindinsa. Sanyi na taɓa doki sai gashin ya miƙe, ya tare iska tsakaninsa da fata, iskar ta ɗumama ta zauna. Ku riƙe zancen iskar nan da kyau, domin duk rigimar da za mu yi a kanta take.

A yankin Yakutiya na ƙasar Rasha, inda sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, dawaki a fili suke kwana, suna tonon ƙanƙara da kofato su ci ciyawar da ta binne. Na ga kun fara murmushi, kuna cewa malam ya kashe bakinsa da kansa. Ku dakata mana. Dokin Yakutiya gajere ne, dunƙulalle, mai kitse, gashinsa na hunturu ya kai tsawon yatsa. Sanyin can kuma busasshe ne ƙayau: ƙanƙara kan sauka a bayansa ta zauna ba ta narke ba, fatar da ke ƙasa ko ɗigo bai taɓa ta ba. Namu kuwa siririn ƙafa ne, mai fata sumul, jinin dawakin Barbar da na Dongola, jikin da ya ƙware wajen zubar da zafi. Abin da ke sa doki fitar da gashin sanyi shi ne gajartar yini, mu kuma a nan tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bambancin bai kai awa biyu ba. Ɗan gashin da yake da shi ya ishe shi sanyin ƙasarmu, matuƙar a bushe yake.

Yanzu a sheƙa masa ruwa mu gani.

Gashin da ya jiƙe kwantawa yake ya manne da fata. Iskar da ya tare ta gudu, ruwa ya maye gurbinta, ruwa kuwa ya ninka iska fiye da sau 20 wajen ɗauke zafi. Sannan ga iskar hunturu, busasshiya mai ƙishirwa, tana kwasar danshi tana tafiya da zafin jiki tare da shi. Kowace uwargida ta san wannan ilimi ba tare da ta zauna a aji ba. Randar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, ruwan ciki yana ƙara sanyi, kuma a hunturu ne ruwan randa ke kama haƙori. Jiƙaƙƙen doki a turke da magariba randa ce mai ƙafa huɗu. Da bazara wannan rahama ce, da ita yake tsira daga zafin rana. Da hunturu ita ce ke sa shi karkarwa.

Kada kuma wani ya ce ai ba ruwan sama a hunturu, ina doki zai jiƙe? Da kansa yake jiƙa kansa. In yana aiki mai tsanani yakan zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda. Gumin nasa yana ɗauke da wani sinadari da ke sa ruwa ya ratsa gashi ya bazu. Shi ne farar kumfar nan da kuke gani a wuyansa inda igiyar linzami ke gogawa, da tsakanin cinyoyinsa. Har tushen gashi yake jiƙa shi.

Ku zo mu leƙa barga da yamma. An fita kilisa bayan la'asar, samari sun ɗan motsa jini, an yi sukuwa saboda 'yan kallo, an dawo rana na gab da faɗuwa. Yaron barga ya kwance majayi, ya ɗaga sirdi, ya yaye zubka. Ga shatin sirdin nan ya fito baƙi wuluk a bayan dokin, gashi ya kwanta, tururi na tashi. Ƙura ta haɗu da gumi ta yi taɓo a gefen ciki. Yaro ya duba, ya tuna maigida zai zagayo bayan sallah kuma ba ya son ganin ƙazanta, sai ya jawo guga daga rijiya ya kwara masa, ya ƙara wani, ya ɗaure shi, ya ruga masallaci kada raka'a ta wuce shi. Kafin liman ya sallame, iska ta taso. Je ka duba dokin nan bayan isha'i. Ya matse wutsiya, ya tattara ƙafafunsa wuri guda, ya juya wa iska baya, naman kafaɗarsa da na cinya sai rawa suke.

Karkarwar nan dabarar jiki ce ta samar da zafi, kuma tana aiki. Sai dai da abincin da ka saya da kuɗinka ake yin ta. A nan nake so abokan wasana Kanawa su matso kusa, domin mu Zazzagawa mun daɗe da sanin ba a shawo kansu da tausayi, sai da lissafi. Alhaji, duk tiyar geron da doki ya ƙone yana rawar ɗari, tiya ce da ba ta zama tsoka ba. Ka je kasuwar Dawanau ka yi ciniki har makogwaronka ya bushe, ka biya ɗan dako, ka kawo hatsi gida, sannan ka miƙa wa iska kyauta. Ko a nan ma ba ka ji zafi ba?

Ingarma mai jini a jika, mai ƙiba, ba dare ɗaya ne zai kayar da shi ba, ban kuma ce zai kayar ba. Wanda nake ji wa shi ne tsohon doki da haƙora suka gaji, da ramamme wanda ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure, da dukushi, da wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Sai kuma wanda aka gama sukuwa ko hawa da shi a wani gari, aka tura shi bayan buɗaɗɗiyar mota jikinsa bai bushe ba, direba ya take wuta cikin dare. Iskar da ke dukan dokin nan a kan hanya ta fi ta turke sau nawa? Gobe a ga ya yi yaushi, ya ƙi abinci, a ce baki ne ya kama shi a filin hawa.

To, masu dariya kun sha naku. Saura ku da kuke ta gyaɗa kai tun ɗazu kuna cewa, "Faɗa musu dai, Malam." Kada ku yi saurin murna, naku kason ya fi yawa.

Akwai Alhajin da ya sayi doki bara, yana son sa har cikin ransa, ya raɗa masa suna, hotonsa ne a fuskar wayarsa. Ya zagayo ya tarar da doki jiƙe yana karkarwa, tausayi ya kama shi, ya ɗaga murya: "Kai yaro, ɗauko tamfol ɗin nan na kan mota!" In babu tamfol, a farke buhun taki, ko a kawo ledar shimfiɗa. Aka lulluɓe doki, aka ɗaure tamau, Alhaji ya tafi ya kwanta da zuciya fara tas, ya yi aikin lada. Ranka ya daɗe, da ka bar shi yadda ka same shi da ya fi masa. Dokin da aka bari a buɗe aƙalla zai bushe, gashinsa ya sake miƙewa. Wanda ka rufe da leda, tururin jikinsa tashi yake ya bugi ledar, ya koma ruwa, ya sake ɗigo masa. Nauyin rufin ya danne gashin, babu damar tarar iska. Awa ɗaya ta farko yana cikin ɗumi mai danshi. Zuwa tsakar dare, zafin aikin da ya yi ya huce, sai ya zama yana tsaye cikin ruwan sanyi da ba shi da hanyar fita, har asuba. Gwadon auduga mai kauri ma bai fi ba sosai, domin auduga in ta sha ruwa riƙe shi take, ta yi sanyi, ta manne.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Fatar da ta saba kwana cikin danshi laushi take yi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makiyaya sun san kirci a jikin shanu, ciwon nan da ke tasowa da damina, fata ta yi ɓawo-ɓawo. An fara gano ƙwayar cutar a Kwango a 1915, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana fama da ita. Ƙwayar nan dai ita ce ke kama gadon bayan doki a ƙasashe masu yawan ruwa: gashi ya dunƙule cikin ɓawo, in ka ja ya tuge gaba ɗaya, ya bar wuri ja mai zafi, daidai inda sirdi ke zama. Abin da take so shi ne fata mai danshi wadda iska ba ta kai mata, wato ainihin abin da Alhaji ya tanadar mata da tamfol ɗinsa. Ga kuma makero, wanda bargo ɗaya da ake yawo da shi daga doki zuwa doki ya isa ya zagaya da shi barga duka.

Har a Turai da Amurka, inda sayar da rigunan dawaki ya zama babbar kasuwa, ana auna kaurinsu da giram, wannan 100, wancan 200, wani har 400, gardamar ba ta mutu ba. Suna da rigunan zamani da ke hana ruwan sama shiga amma su bar tururi ya fita. In dokin ɗan danshi ne kawai gare shi, sukan fisshe shi. In ya jiƙe sharkaf, ruwan ya fi ƙarfin ƙofofin. Yawancin dawakinsu na aiki ma aske musu gashin hunturu ake yi don kada gumi ya daɗe bai bushe ba, sannan a dawo a sayi riga a maye gurbin gashin da aka aske. Wannan kam na bar muku, ku yi musu dariya son ranku, ba zan tare musu ba.

Abin da ya dace a koya daga gare su ya girmi duk waɗannan riguna. Tsofaffin masu kula da dawaki a Ingila, mutanen da ruwan sama bai taɓa barin su sun huta ba, in doki ya dawo a jiƙe, bambaron alkama suke dunƙulowa su baza masa a gadon baya tun daga kafaɗa har kuturi, su ɗora rufin algarara a kai, su ɗaure sako-sako. Bambaron ya ɗaga rufin daga fata, iska tana ratsawa ta ƙasa a hankali, tururi yana fita, zafi bai gudu gaba ɗaya ba. Bayan ɗan lokaci a zo a tarar bambaro da buhu sun yi danshi, doki ya bushe. Sangartar Turawan da ake ta faɗa ke nan: ciyawa da buhu. In akwai gidan mai doki a ƙasar Hausa da za a rasa busasshiyar ciyawa da tsohon buhun algarara, a nuna mini shi. Sai dai kada a yi da harawa, domin dokin kusa zai miƙo wuya ya cinye maganin tun bai yi aiki ba.

Mai hali ya nemi bargon ulu a gwanjo. Ulu yana iya shan ruwan da ya kusa kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba tare da hannu ya ji ya jiƙe ba, kuma yana tura danshin waje. Rufa wa doki mai gumi ka dawo bayan rabin awa da fitila: za ka ga ƙananan ɗigon ruwa sun feso a bayan bargon, suna ƙyalli a kan gashin ulun. Zura hannu ciki, fata ta fara bushewa. A nan ne yawancin masu kirki ke faɗuwa jarrabawa, domin wannan bargo ba na kwana ba ne. Aikinsa ya kwashe ruwa, in ya kwashe a yaye shi a shanya. In dokin na cikin masu rauni ne kuma daren ya yi tsanani, a sauya masa busasshe. In lafiyayye ne, a goge gashin ya miƙe, a ƙyale shi da abin da Allah ya ba shi.

Kafin ma a kai ga bargo, rabin aikin tun a hanya ake yin sa. Mahayin da ya san doki ba ya shigowa gida da sukuwa. Yakan bar ƙarshen tafiya a yi ta a taku, ya ɗan sassauta majayi, har numfashi ya daidaita. In an sauke sirdi da yamma, ba dole sai an yi wanka ba. Tsumma da ruwan ɗumi sun isa a goge shatin sirdi da inda kumfa ta taru, sauran taɓon a bar shi ya bushe, gobe buroshi ya kakkaɓe shi. Wankan gaske a bar wa hantsi, lokacin da rana za ta taya aiki. In kuwa an riga an kwara ruwan, a sami gefen sakaina mai santsi ko yankakkiyar roba a tatse shi bin kwanciyar gashi, za ka yi mamakin yawan abin da zai zubo, sannan a murje jikin da buhu, a ja shi a zagaya da shi. A kafa zana ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, domin zana ɗaya a inda ya dace ta fi bargo uku a kan jiƙaƙƙen baya. A cika masa gaba da ciyawa. A kuma ɗan surka masa ruwan sha, saboda doki kan rage shan ruwa in ya yi sanyi da yawa, busasshen abinci da ƙarancin ruwa kuwa su ne hanyar ciwon ciki.

Katsinawa kada su yi kamar ba su san zancen ba, su da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wa wasan folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi. Zagaye guda na wasan nan minti bakwai ne, amma doki kan fito daga fili gumi na ɗiga ta cikinsa. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan doki da yammacin Disamba a Jos, inda dare kan sauko kusa da digiri 10, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka mutanen tsaunin Mambila, waɗanda nasu sanyin da ruwan sama da hazo yake zuwa.

Yanzu mu koma kan hujjar cewa doki bai taɓa faɗa ba. A 2016 wasu masu bincike a ƙasar Norwe, ƙarƙashin Cecilie Mejdell ta cibiyar likitancin dabbobi ta ƙasar, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun koya wa dawaki 23 alluna uku. Mai baƙin layi a kwance, ma'anarsa a rufa mini. Mai layi a tsaye, a yaye mini. Farin allo babu komai, a bar ni yadda nake. Doki ya taɓa wanda yake so da hancinsa, nan take a yi masa abin da ya zaɓa. Cikin mako biyu duk sun gane karatun. Ranar da aka buɗe da rana da ɗumi, masu bargo suka ce a yaye. Ranar ruwa da iska da sanyi, akasarin waɗanda ke tsirara suka ce a rufa.

Na san amsarku tun ba ku buɗe baki ba: ai dokin Turawa ne, ya yi boko. Haba jama'a! Dokin da ke gane ƙarar kwanon dusa daga bayan katanga, ya bambanta takun maigidansa da na baƙo, shi ne allo uku zai gagara? Abin da ya fi burge ni a gwajin shi ne dawakin sun kunyata ɓangarorin biyu a lokaci guda. Ba su goyi bayan Baba mai cewa kada a rufa ba, ba su kuma goyi bayan Alhaji mai tamfol ba. Yau su ce a sa, gobe su ce a cire, gwargwadon abin da gari ya wayi da shi.

Tunda namu ba mu sa su makarantar allon ba, sai mu tambaye su da tafin hannu. Kada ka taɓa kunne ko ƙafa ka yanke hukunci, waɗannan sukan yi sanyi ko da doki lafiya lau yake. Zura hannu a bayan kafaɗa, ƙarƙashin rufin in akwai. Ɗumi a bushe, komai daidai. Zafi da danshi, rufin ya yi yawa, yaye. Sanyi, ga gashi a tsaye, ga jiki a takure, yana neman taimako. Kada kuma ka auna shi da jikinka. Kai ne ke jin ɗari, ba lalle shi ba.

Sai batun safiya, wanda shi ne ke raba mai kula da mai ƙauna ta baki. Garin da ya kwana a digiri 13, kafin azahar ya doshi 30. Bargon da aka manta a bayan doki har rana ta take, gumi zai sa shi, ka ga an koma gidan jiya, wannan karon da hannunka ka jiƙa shi. Ɗaurin ma sai an lura: a kama shi a ƙirji da ƙarƙashin ciki, ba matsewa ba, ba kuma sakin da kofato zai iya shiga ba. Ingarman da bai taɓa ganin bargo ba, kada a fara gwada masa cikin duhu. In abu ya zame masa tsakanin ƙafafu cikin dare alhali yana ɗaure a turke, tsalle da harbin da zai yi sun fi sanyin haɗari. A nuna masa da rana, ya shinshina, a ɗora a cire har ya saba.

Masu cewa har yanzu zancen bai shafe su ba, su ɗauko kalanda. Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Rabon da a yi ƙarama ko babba a cikin ɗari sosai tun wajen 2007 da 2008, lokacin da babbar sallah ta faɗo a Disamba. Akwai samarin da ke riƙe da linzami yau waɗanda ba su taɓa sauke sirdin hawan sallah cikin hunturu ba. Ƙaramar sallah kuwa ga ta nan tafe: farkon Fabrairu a 2030, cikin Janairu a 2031 da 2032, a 2033 ma sau biyu za a yi ta, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Hawan Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, ba na yini ɗaya ba ne: ga hawan idi, ga Daushe, ga Nasarawa, ga Ɗorayi ko Fanisau. Daushe da yamma ake yin sa, ana watsewa duhu na shigowa. Ku ƙiyasta dawaki nawa ne za a yaye wa jalala da lifidi a wannan daren, a Kano da Zazzau da Katsina, bayan sun yini ɗauke da kaya da mahayi, kowanne bayansa na tururi, mahayin ya gaji liƙis yana neman inda zai zube, yaron barga kuma hankalinsa na wajen yawon sallah.

Na san kafin in ajiye alƙalami wani Bakano ya riga ya aika Dawanau a tambayo masa nawa ake sayar da tsohon buhun algarara in za a ɗauki dubu.